Tsila da Cunkoso: Tarihin Wata Tambaya a Hanjin Ɓera

Tsila halitta ce marar baki, marar hanji. Takan maƙale a bangon hanjin mutum ko dabba, ta riƙa tsotsar narkakken abinci ta fatar jikinta, tana tsiro da gaɓa bayan gaɓa daga wuyanta. Kowace gaɓa idan ta ƙosa, cike take da ƙwai. Faransawa sun laƙaba wa tsilar mutum sunan tsutsa tilo, domin galibi guda ɗaya ake samu a ciki. To, idan suka yi yawa a hanji ɗaya fa?

Amsar ta fito ne daga ɗakunan bincike na Amurka, ta kan tsilar ɓera mai suna Hymenolepis diminuta. 'Ya'yanta sukan fara rayuwa a jikin ƙwaron gari, saboda haka mai bincike na iya ƙirga su, ya ɗura wa ɓera adadin da ya ga dama. A 1939 Asa Chandler na Cibiyar Rice da ke birnin Houston ya nuna cewa gwargwadon yawan tsilar da ke cikin ɓera, gwargwadon ƙanƙancewar kowacce. A 1951 ɗalibinsa Clark Read ya wallafa maƙalar da ta kafa wa lamarin suna a fagen ilimi, wato tasirin cunkoso.

Gano dalilin shi ne ya ɗauki shekaru. Da farko Read ya zaci ƙarancin iskar oksijin ne. Zuwa 1959 ya koma ga abinci, domin tsila da sitaci da sukari ta dogara, kuma idan aka rage su a abincin ɓera takan tsumbure. Bisa wannan fahimta, cunkoso yunwa ce kawai: hannu da yawa a akushi ɗaya. A 1961 Larry Roberts ya bi girman tsilar daki-daki, ya tabbatar cewa cunkoso na rage nauyinta da yawan gaɓoɓinta.

A shekarun 1980 Roberts da ɗalibansa suka jarraba wata dabara. Suka jiƙa tsila da yawa a ruwan gishiri, suka kwashe su, sannan suka saka wasu a ruwan. Sai rarrabuwar ƙwayoyin halitta a wuyan sababbin ta ragu. Ashe tsila na fitar da sinadaran da ke taka wa 'yan'uwanta birki. A shekarar 2000 Roberts ya sake bitar batun, kuma tun daga lokacin ake kallon gasar abinci da waɗannan sinadarai da garkuwar jikin dabbar a matsayin dalilan da ke aiki tare.

Wannan tarihi ya shafi aikin likita da na likitan dabbobi, domin an ga irin wannan tasiri a wasu tsutsotsin ciki ma. Tun da cunkoso na rage ƙwan da kowace tsutsa ke sakawa, ƙirga ƙwai a bayan gida na iya ɓoye ainihin yawan tsutsar da ke cikin majiyyaci. Haka kuma idan magani ya kashe mafi yawansu, waɗanda suka tsira sukan sami sarari su ƙara yawan ƙwansu. Wannan na cikin dalilan da suka sa shirin raba maganin tsutsa ke buƙatar maimaitawa, tare da gyara masai da dafa nama ya dahu sosai.