Daga filatin zuwa na'urar bincike: yadda neman wutar mota ya sauya a hannunmu

Duk wanda ya koyi aikin wutar mota a ƙasar Kance kafin shekarun 1990, a kan Peugeot ya koya. 404 mai buɗaɗɗen baya ce ke kwasar gyaɗa da rake da ƴan kasuwa daga Icirnawa zuwa Matameye, 504 kuwa ta riƙe hanyar Damagaram zuwa Ɗan Barto, ta bi ta Daura har Kano. Tun da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kayan gyaranta ba su taɓa yi mana wuya ba. Shi ya sa bakinmu ya rabu biyu: mu ce buji da bobin da delko, idan mun shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano mu ce fulogi da koyil da distributa.

Tsarin wancan lokaci tsoho ne ƙwarai, tun 1910 Charles Kettering ya ɗora shi a kan Cadillac a Amurka. Batir ya ba da bolt 12, bobin ta ɗaga shi zuwa dubbai, filatin, wasu ƴan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa a cikin delko, su yanke wutar a kan kari, delko ya raba ta ga buji huɗu: na ɗaya, na uku, na huɗu, na biyu. Idan mota ta ƙi tashi, maigida zai zare wayar bobin ya kusantar da ita jikin inji, ya ce yaro ya murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi mai ƙara, lafiya lau, a koma wajen mai. Ja-ja mai sanyi, a buɗe delko. A goge filatin da samfefa, a saita tazararsa milimita 0.4, in ba ma'auni a sa kwalin ashana. Ƙurar hunturu na cinye dugadugin filatin, tazara ta matse, mota ta yi nauyi, don haka aiki ne da ba ya yankewa. Amma direba da kansa yana iya yin sa a tsakiyar rairayi da sukudireba ɗaya.

A can waje an daɗe da barin wannan. Chrysler ta sa tsarin lantarki a motocinta tun 1973, General Motors ta biyo baya a 1975, Bosch kuma ta fito da Motronic a 1979, inda kwamfuta ɗaya ke riƙe da wuta da mai. Mu sai da tsofaffin motocin Turai suka fara kwararowa ta tashar Kwatano, su shigo ta Gaya, abin ya iso mu, musamman bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994, sabuwar mota ta fi ƙarfin kowa. Golf 2, Opel, Starlet, Corolla. Ka buɗe delko ka tarar ba abin gogewa, sai wata ƴar na'ura mai waya biyu ko uku, da wani baƙin modil a liƙe a jikin farantin alminiyam.

Abin da manyanmu da yawa suka yi shi ne cirewa. A tuge tsarin lantarkin a dasa delko mai filatin, daga baya da masu injakta suka zo, a mai da su kafreta. Ƴan baya na dariyar wannan, ni ba na yi. Mutumin da motarsa ke kwana a ƙauye, ba modil a Matameye sai an aika Damagaram, yana da hujjar son abin da hannunsa ke iya gyarawa. Kuɗin ya biya su a shan mai, kuma ya sani.

Waɗanda suka tsaya suka koya, da asarar masu motoci aka koya. Dabarun da suka yi mana amfani shekara da shekaru su ne suka riƙa kashe modil. Zare kan batir inji na aiki don a gwada caji. Yin walda a jikin mota ba a cire komai ba. Riƙe wayar bobin nesa da inji don a ga tsawon tartsatsi, wutar ta rasa hanya ta koma ta huda bobin ko modil. Sai kuma musayar bobin: ta filatin tana auna wajen om 3 a ɓangaren shigar wuta, ta lantarki sau da yawa ba ta kai om 1 ba, a ido kuwa kamar an tsaga kara.

Ciwon da ya fi wahalar da garejoji shi ne na zafi. Mota ta tashi da asuba lafiya, ta yi tafiya, rana ta take a watan Afrilu ta mutu. A turo ta gareji, kafin a iso ta huce, ka murɗa makulli ta tashi, mai ita ya tsaya yana rantsuwa. An zargi famfon mai, an zargi sammu. Modil ne, farin man da ke ƙarƙashinsa mai kai zafi ga farantin ya bushe. Mukan bar inji ya yi ta aiki har ya mutu, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma kan modil, in ya tashi an kama ɓarawo.

A hankali tsarin tambaya ya zauna. Wuta na isa bobin? Akwai mai yanke ta? Wannan ƙwan gwaji ke faɗa: a sa shi a ƙafar bobin ta biyu, a murɗa, in yana ƙyaftawa modil da sensa suna aiki, laifin yana gaba, a bobin ko murfi ko wayoyi. In ya tsaya cak, a koma baya. Sensa mai waya biyu a auna ta da mita, mai uku a duba ko wuta na isa gare ta tukuna. Toyota ce ta fara yi mana magana da kanta: ka haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, ka ƙirga ƙyaftawar fitilar inji. Lamba 12, siginar juyin inji ba ta zuwa. Lamba 14, ɓangaren tartsatsi ne.

Daga 1996 Amurka ta wajabta OBD-II, soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi sahu a motocin fetur a 2001. A hankali delko ya ɓace, a motoci da yawa kowane buji da bobin ɗinsa a ka. Da farko sai a Damagaram ko Kano ake sa wa mota kwamfuta, yau yaro mai wayar hannu da ƴar na'urar ELM327 yana karanta lambobi a gindin bishiya.

Nan ne gardamata da ƴan yanzu. P0335 na nufin akwai matsala a layin sensar karanshaf, bai ce sensar ta mutu ba. A ƙauye irin namu, inda mota ke kwana kusa da rumbu, ɓera na cin waya. Wayar mas na tsatsa, mai wanki na feshe soket da ruwa, buji na jabu ɗauke da sunan NGK sun cika kasuwa, man ruwa-ruwa na kwalba kan zo da datti ya sa inji tsalle. Na'ura ta ce P0301, silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Kafin ka sa manomi ya sayar da akuya ya sayi bobin, ɗauke ta ɗaya ka mai da ita ta biyu. In lambar ta koma P0302, bobin ce. In ta tsaya inda take, buji ne, ko injakta, ko bawul.

Yaran Icirnawa na yanzu a kan babur suke fara sanin wannan aiki, a akwatin CDI, inda sauyawa ya fi aunawa araha, kuma suna zuwa gareji da wannan hali. Rufe iyakar Najeriya a 2019, da wanda ya biyo bayan Yulin 2023, sun ɗan gyara musu zama. Kaya suka yi tsada, wasu suka yanke, mita da ƙarfen soda suka dawo kan benci, aka koma bin waya ɗaya bayan ɗaya. Motar da makullinta mai lamba ya rikice dai har yanzu sai an ja ta zuwa birni.