Goro, Shayi da Gahawa: Inda Suka Fito da Yadda Za Mu Sha Su Lafiya

Yau maganarmu a kan gahawa ce, wadda waɗansu su ke kira kofi, waɗansu kuma Nescafé. Daga tashar motar Yelwa har bakin ruwan Wara, daga Ngaski har Shanga, da wuya ka ga kasuwar da babu teburin mai shayi. Masunta su kan sha kafin su shiga jirgi, direbobi su kan sha kafin su kama hanyar Kontagora ko ta Jega, manoman albasa su kan sha kafin su tafi fadama. Saboda haka a ke yawan tambayarmu a ɗakin magani, a ce, "Malam, shan gahawa kullum yana da lahani?" To, ku ba ni kunnuwanku, gama amsar tana cikin tarihi.

Abu na fari da za ku riƙe shi ne wannan: abin da ke korar barci a cikin gahawa, shi ne a cikin shayi, shi ne kuma a cikin goro. Wani Bajamushe masanin haɗa magunguna mai suna Runge ne ya fara tace shi daga ƙwayar gahawa a shekarar 1819, aka sa masa suna kafeyin. Ashe ke nan mu mutanen ƙasar Yawuri mun san wannan abu tun kaka da kakanni, sai dai a bakin goro muka san shi.

Tarihin Kano ya ambaci goro tun zamanin Sarauniya Amina ta Zazzau, sa'ad da Sarkin Nufe ya aika mata da goro 10,000. Ya kuma nuna a zamanin Sarkin Kano Yakubu, wajen 1452 zuwa 1463, fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Ɗaya daga manyan hanyoyin wannan fatauci ta ƙasarmu ta bi. Ayari ya kan taso daga Kano ko Katsina da tufafi da kanwa da fatu, ya ƙetare Kwara a wajen Yawuri, ya ratsa Bargu, ya bi ta Yandi har Salaga cikin ƙasar Gana ta yau. Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama ta ƙasar Bargu a 1826, mutum wajen 1,000 da dabbobinsu, suna komowa daga Gwanja. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, ya yi dogon bincike a kan waɗannan fatake.

Ku lura da abu guda. Tafiyar Gwanja da komowa ta kan ci watanni, saboda haka goro ya yi tsada. Mutum ya kan fasa guda ɗaya ya raba wa abokan zamansa, kowa ya sami ɓari ko ɗan tsagi. Tsadar nan ita ce ta zama ma'auni. Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma yawaita shuka goro a ƙasar Yarbawa, sa'an nan talaka ya iya cinsa daga safe har dare.

Ita kuwa gahawa, asalin itacenta daga ƙasar Habasha ne. Mutanen Yaman ne aka fara sani da dafa ta, wajen shekaru 600 da suka wuce. Sufaye su ke shanta don su jure tsayuwar dare. Daga bakin Larabawa muka sami sunan, gama su "ƙahwa" su ke ce mata. Ba ta shiga duniya salin alin ba. A 1511 hakimin Makka, Kha'ir Beg, ya tara malamai da likitoci ya hana shanta, amma hanin bai daɗe ba. Wajen 1555 aka buɗe gidajen shanta a Istambul, a 1652 kuma aka buɗe na fari a London. A 1675 Sarkin Ingila Charles na Biyu ya yi shelar a rufe su duka, ba a yi mako biyu ba ya janye. Kun ji, tun dā a ke gardama a kanta. Amma har yau in ka je ƙasar Makka, a ɗan finjali a ke ba ka ita, da ɗacinta, da dabino guda ko biyu a gefe.

Shayi daga ƙasar Sin ya fito. Ta hanya biyu ya zo mana: koren ganye ya ƙetaro Sahara daga Maroko, shi ne shayin Buzaye, baƙin ganye kuwa kamfanonin Turawa suka kawo ta bakin teku. Yanzu ana noman shayi a ƙasarmu, a Kakara bisa tsaunin Mambila cikin Jihar Taraba, ana kuma noman gahawa a can.

Sa'an nan abubuwa uku suka sāke al'amarin. Na ɗaya, madarar gwangwani mai kauri, wadda wani Ba'amurke, Gail Borden, ya sami izinin yinta a 1856. Kusan rabinta sukari ne. Na biyu, garin gahawa mai narkewa nan take. Gahawa ta yi kwantai a ƙasar Birazil, aka nemi dabarar adana ta, kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé a ƙasar Suwizalan a 1938. Na uku, farin sukari ya yi araha. A farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antarsa a Bacita, kusa da Jebba, a bakin wannan kogi namu. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, masunta suka taru daga nesa, kasuwannin kifi suka cika, motoci suka yawaita, teburin mai shayi kuwa ya bi su duk inda suka sauka.

To, kun ga inda tarihi ya kawo mu. Kakanninmu sun sami kafeyin kaɗan kaɗan, da ɗacinsa. Mu kuwa muna samunsa a babban kofin roba, da sukari da madara, sau uku ko huɗu a yini. Bincike mai yawa ya nuna masu shan gahawa daidai wa daida ba su fi sauran mutane ciwo ba, har ma ciwon sukari da ciwon hanta sun fi ƙaranci a cikinsu. Mafi yawan lahanin yana cikin abin da mu ke zuba mata, da yawan da mu ke sha, da lokacin da mu ke sha. Ga gyara guda shida.

Na ɗaya, ku ƙidaya. Hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasashen Turai ta bayyana a 2015 cewa baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, watau kamar kofi 4 na gahawa mai ƙarfi. Amma goro da shayi da lemon kwalba masu sa kuzari duk cikin lissafin su ke. Babban goro guda ya kan kai kofin gahawa ɗaya ko ya fi. In hannunka yana rawa, ko gabanka yana faɗuwa ba dalili, ko ƙwannafi ya dame ka, ka wuce ma'auninka. Mace mai ciki kuwa rabin wannan ne nata, miligiram 200, gama kafeyin ya kan daɗe a jikinta, ya kuma kai ga ɗan da ke ciki. Yara ƙanana kada a ba su ko kaɗan. Koko da kunun gyaɗa sun fi musu.

Na biyu, ku rage sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 sukarin da baligi zai sha a yini kada ya wuce kamar giram 50, watau ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi kyau. To, mu yi lissafi. Wanda a ke zuba wa cokali 4 a kofi, ya sha sau 3, ya cika 12 ke nan tun ba a sa madara ba. A wata guda ya sha kusan kilo ɗaya da rabi. Ta nan ƙiba da ruɓewar haƙora su ke shigowa, ciwon sukari kuma ya sami ƙofa. Ka ce wa mai shayi ya rage cokali guda, ka zauna a haka mako biyu, sa'an nan ka sāke rage guda. Harshe ya kan saba. Zuma da mazarƙwaila su ma sukari ne a wurin jiki. In kana son ƙamshi, sa citta ko kanumfari. 'Yar ledar nan da aka haɗa gahawa da sukari da madara wuri ɗaya, mafi yawan abin da ke ciki sukari ne da garin mai. Gara ka sayi gahawar zalla ka auna da hannunka. Nonon shanu da aka tafasa ya fi madara mai kauri.

Na uku, ku duba lokaci. Jiki ya kan ɗauki kamar sa'a 5 kafin ya fid da rabin kafeyin da aka sha. Wanda ya sha da magariba, rabinsa yana nan a jininsa da tsakar dare. Gobe ya tashi a gajiye, ya ƙara sha, gari ya waye ya zama bawan abin. In ba aikin dare ka ke yi ba, kofin azahar ya zama na ƙarshe. Ku direbobi da masu tuƙa jirgin inji, ku sani gahawa tana ɓoye gajiya ne kurum, barci kuwa ba ya yafe bashi. In idonka ya yi nauyi, tsaya ka rintsa.

Na huɗu, ku raba ta da abinci. Shayi da gahawa su kan hana hanji ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye da hatsi, wanda da shi jiki ke yin jini. A ƙasar da zazzaɓin sauro da tsargiya su ke shanye jinin mutane, wannan ba ƙaramin abu ba ne, balle ga mata masu ciki da masu goyo. In kin ci abinci, ki dakata sa'a guda kafin ki sha.

Na biyar, ruwa ya tafasa, amma a bari ya huce. Tafasa ita ke kashe ƙwayoyin amai da gudawa da na taifot da ke cikin ruwan kogi da na rijiya. Sai dai a 2016 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka cire gahawa daga cikin abubuwan da a ke zargi, suka ce kurɓar kowane abin sha mai zafin da ya wuce digiri 65 ita ce abin tsoro ga maƙoshi. In yana ƙona leɓe, ajiye shi tukuna. Ku kuma masu shayi, kada ku wuni kuna ɗauraye kofuna cikin bokiti ɗaya. Ku wanke da sabulu, ku sāke ruwa, ku kife su su bushe, ku rufe madara saboda ƙuda.

Na shida, kuma shi ne mafi nauyi. Waɗansu samari su kan jefa ƙwayar tiramol cikin gahawa, wai don su sami ƙarfin aiki. Wannan ƙwaya dangin ofiyom ce. Ta kan kama mutum ya kāsa bari, ta kan kawo farfaɗiya, ta kan tsai da numfashi. Wanda farfaɗiya ta buge a tsakiyar tafki, wa zai cece shi? Iyaye da shugabannin masunta da na tasha, ku sa ido. Wanda ya riga ya faɗa, ku kawo shi asibiti, kada ku kore shi.

In kana da hawan jini, ko gyambon ciki, ko ciwon zuciya, faɗa wa malamin asibiti yawan abin da ka ke sha, har da goro, don ya auna ka ya ba ka shawara. In kuwa ka yi niyyar ragewa, kada ka bari farat ɗaya, gama ciwon kai da kasala za su kama ka har kusan mako guda. Rage rabin kofi bayan kowane kwana uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Mai ɗakin magani na garinku yana da abin awon jini, awon kuwa ba ya cin minti biyar. Ku je a auna ku ran kasuwa mai zuwa. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, za mu yi magana a kan ruwan sha da damina.