Asalin Zanen Mala'ika a Jikin Mutum

Mu da muke zaune a kurmi muna cuɗanya da mutane iri-iri. A kasuwa ko a tasha, sai saurayi ya naɗe hannun riga zai ɗauki kaya, ka ga an zana masa hoton mutum mai fukafukai a damtse, wai mala'ika ne. Yaranmu suna gani, suna tambaya, wasu har sun fara sha'awa. To, kafin mu ce musu a'a, gara mu san inda abin ya fito.

Kiristocin farko idan sun zana mala'ika, saurayi suke zanawa cikin farar riga, ba fiffike. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 4 fukafukai suka bayyana, kamar yadda ake gani a jikin wani akwatin gawa na dutse da aka tono a Istanbul. Masu sassaƙa sun aro siffar ce daga Nike, gunkiyar nasara ta Girkawa.

Shi kuwa sa hoton a fata da allura da tawada, tsohuwar al'ada ce ta Kibɗawan Masar, waɗanda har yau suke yin ƙaramin gicciye a wuyan hannu. Kiristocin da suka je ziyara Kudus su ma sukan yi zane, ya zama shaidar sun je. Iyalin Razzouk, Kibɗawa ne, suna nan a birnin suna wannan sana'a da tsofaffin hatimai na katako: a buga hatimi a fata, allura ta bi sawu. Da Samuel O'Reilly ya yi rajistar injin zane mai lantarki a New York a 1891, aiki ya yi sauri, ya yi arha, ya bazu.

Kowane zane da abin da masu shi suke nufi. Mai takobi yana take Shaiɗan, wannan Mika'ilu ne a fahimtarsu, ma'anarsa galaba a kan sharri. Jariri mai fiffike, irin biyun nan da Raphael ya zana wajen 1512, waɗanda suke Dresden ta Jamus, sau da yawa uwa ce ko uba ke tuna ɗan da ya rasu. Wanda ya sunkuyar da kai, makoki ne. Wanda ya buɗe fukafukai, tsari ake nema, kamar wanda ɗan ƙwallon Ingila David Beckham ya yi a bayansa a 2000, samari suka yi ta kwaikwayo.

Ashe ke nan abin ba ado ba ne kawai, akwai aƙida a cikinsa. Mu mun yi imani da mala'iku, amma ba mu zana su, kuma hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim kan hana irin wannan zane. Maƙwabcinmu mai shi, mu fahimce shi, kada mu yi masa ba'a, wataƙila ɗansa ya binne. Namu yaran kuwa mu zaunar da su mu yi musu bayani: lalle yana gogewa cikin makonni, wannan kuwa sai likita da kuɗi mai yawa, kuma tabo kan iya saura.

Allah Ya shirya mana zuriya, amin.