Lokacin da Likitoci Suka Gano Cewa Barin Giya Farat Ɗaya Yana Kisa

A shekarar 1813 wani likita a Ingila, Thomas Sutton, ya wallafa bayani kan wani ciwo da yake yawan gani a tsakanin mashaya giya. Mutum zai fara da makyarkyatar hannu da gumi da rashin barci, daga nan ya rikice, ya riƙa ganin ƙwari da dabbobin da babu su, zuciyarsa na bugawa da sauri, jikinsa ya yi zafi. Sutton ya raɗa wa ciwon suna da Latin, delirium tremens, wato rikicewar hankali mai tafe da rawar jiki. A zamanin, likitoci kan tsaga jijiyar irin waɗannan majinyata su zubar da jini. Shi kuwa ya lura cewa waɗanda aka ba ofiyom suka samu barci sun fi tsira.

Suna ya samu, amma musabbabin ciwon ya zama abin jayayya har kusan shekara 140. Wasu sun ce dafin giyar ne ya taru a jiki, wasu suka ɗora laifin a kan rashin cin abinci, tunda mashayi kan manta da tuwo. Kowane ɓangare yana da hujja, domin majinyacin da aka kawo asibiti ya sha da yawa, bai ci ba, sannan ya daina sha, duk a lokaci guda.

A 1953 Maurice Victor da Raymond Adams suka bi diddigin majinyata a wani asibitin Boston, suka ga cewa alamomin suna biyo bayan dakatar da sha ne, kuma bisa tsari. Bayan shekara biyu Harris Isbell ya raba gardama a Lexington da ke jihar Kentucky ta Amurka. Ya ɗauki fursunoni goma waɗanda a da suka kamu da jarabar mofin, ya ba su abinci mai gina jiki da bitamin, ya kuma riƙa ba su giya mai yawa kullum. Wanda ya fi daɗewa ya kai kwana 87. Da aka yanke giyar, waɗanda suka daɗe suna sha suka shiga makyarkyata da amai, wasu suka yi farfaɗiya, aka kuma samu cikakkiyar rikicewar. A yau babu hukumar da za ta amince da irin wannan gwaji, domin amincewar ɗan kurkuku abar tuhuma ce. Duk da haka sakamakon ya tabbata.

Daga baya aka fahimci dalili. Giya tana ƙarfafa sinadarin GABA, wanda shi ne birkin ƙwaƙwalwa, tana kuma danne glutamate, wanda shi ne totur. Idan aka ɗauki watanni ana sha, ƙwaƙwalwa kan sassauta birkinta ta ƙara totur don ta daidaita. Ranar da giyar ta ɓace, sai a bar ta da gudu ba abin tsayar da ita. Makyarkyata kan fara cikin sa'o'i 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, farfaɗiya cikin kwana biyun farko, rikicewar kuwa tsakanin kwana na biyu da na huɗu. Tazarar nan ce ke ruɗa iyali: mutum ya kwana uku bai sha ba, to me ya haɗa wannan da giya? Sai a ce iska ce, a nemi mai ruƙiyya, lokaci yana tafiya.

A 1969 wani babban gwaji a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ya kwatanta magunguna huɗu, ya nuna cewa chlordiazepoxide ne ya fi hana farfaɗiya da rikicewa. Tun daga nan danginsa, irin su diazepam, suka zama ginshiƙin jinya: ana ba da su na 'yan kwanaki a ƙarƙashin kulawar likita, ana rage su sannu a hankali, tare da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Ciwon da a farkon ƙarni na 20 yake kashe kusan ɗaya cikin uku a wasu asibitoci, yanzu bai kai ya kashe 5 cikin 100 na waɗanda suka samu jinya ba. Shi ya sa likita kan tambayi wanda ya yi niyyar bari yawan abin da yake sha a rana, ko hannunsa na rawa da safe, ko ya taɓa faɗuwa, kafin ya yanke ko a gida za a yi ko a gadon asibiti.