Bakin Zango: Daga Shirun 1969 Zuwa Hayaniyar Waya



A duk lokacin da zaɓe ya matso, ƙorafi iri biyu kan iso zauren da nake riƙe wa alƙalami. Dattijo zai zo ya ce ɗansa ya zagi shugaba a Facebook, zai jawo wa gida masifa. Yaron kuma, in aka kira shi, sai ya ce tsoron iyayensu ne ya sa har yau kwatar unguwa ba ta da murfi. Kowannensu yana da hujja, amma ba za a fahimci rigimar ba sai an koma baya.

Kakanninmu ba su kasance marasa baki a siyasa ba. A 1954 Musulmin Kumasi da Akra suka kafa jam'iyyarsu, MAP, suka tsaya takara da CPP ta Kwame Nkrumah. Sakamakon bai jinkirta ba. A shekarar 1957, wadda Ghana ta samu 'yanci a cikinta, gwamnati ta kori Alhaji Amadu Baba, jagoran Zangon Kumasi, tare da Alhaji Usman Larden, zuwa Najeriya, har majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu. Kafin shekarar ta ƙare aka haramta duk jam'iyyar da aka gina a kan addini ko ƙabila ko yanki.

Sai babbar guguwa. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardun zama mako biyu ya bar ƙasar. Aka sayar da gidaje da rumfunan goro a wulaƙance, aka cika motoci zuwa kan iyaka, har da mutanen da aka yanke wa cibiya a nan. Waɗanda suka saura sun ɗauki darasi guda: baki shi kan yanka wuya. Siyasarsu ta koma sauraro. A kunna sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a Maris 1957, a tattauna cikin zaure da murya ƙasa-ƙasa, in baƙuwar fuska ta shigo a juya zance zuwa farashin masara. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Mu da muka tasa bayan haka mun tarar da wani zamani. Tsarin mulki na 1992 ya dawo da jam'iyyu, gidajen rediyon FM masu zaman kansu suka buɗe, mutum ya buga waya ya faɗi ra'ayinsa a ji shi gari duka. Mun yi magana, amma muryar rediyo iska ce, tana wucewa. Kuma tabon 1969 ya bi mu har rumfar zaɓe, domin shekaru da dama yawancin Zango sun karkata ga NDC, suna kallon NPP a matsayin magajiyar Busia. Ita ma NPP ta nemi ɗinke ɓarakar, ta kafa ma'aikatar raya Zango a 2017, ta kuma tsayar da Mahamudu Bawumia takarar shugaban ƙasa a 2024.

'Ya'yanmu kuwa ba su san motar kora ba. Katin ɗan ƙasa na aljihunsu, suna rubutu da sunansu da hotonsu, suna cakuɗa Hausa da Turanci da Tuwi, suna ɗaukar bidiyon hanyar da ta lalace su ambaci sunan ɗan majalisa. Da yawansu sun shiga kiran gyaran ƙasa da ya tashi a Twitter a 2021. A watan Yuni na wannan shekara aka kai wa Ibrahim Kaaka hari a Ejura, mutumin da aka sani da irin wannan wallafa, ya rasu, kuma a zanga-zangar da ta biyo baya harsashi ya kashe mutum biyu. Dattawa suka ce ga abin da muke gudu. Matasa suka ce ga dalilin da ya sa ba za mu yi shiru ba.

Sai dai akwai abin da na lura da shi, kuma ina roƙon iyayenmu su yi mini afuwa. Dattijon da ba zai taɓa rubuta ra'ayinsa a fili ba, shi ne zai tura saƙon murya na WhatsApp zuwa zaure goma ba tare da ya san wanda ya yi maganar ba. Yana ganin ai cikin gida ne, alhali wayar ba ta da ƙyaure. Na taɓa zama sulhun gidaje biyu da suka daina gaisuwa wata uku, kuma da aka bi diddigi, ba yaro ne ya kunna wutar ba. Suratul Hujurati ta umurce mu da bincikar labari kafin mu yi aiki da shi, kuma ba ta ware mai furfura ba.

Saboda haka nasihata ta kasu biyu. Ku samari, kafin ku kira shirun mahaifinku tsoro, ku zauna ku tambaye shi wa ya raka tasha a 1969. Ku faɗi gaskiya a kan ruwa da makaranta da asibiti, amma ku bar zagi, don abin da kuka rubuta zai jira ku a ranar neman aiki da ranar neman aure. Ku kuma iyayenmu, ku sani 'yancin da yaran nan suke amfani da shi, shi ne wanda aka kori Amadu Baba a kansa. Ku gyara musu lafazi, kada ku rufe musu baki.

Allah Ya zaunar da Ghana lafiya, Ya haɗa kan Zango. Wanda ya ga 1969 da idonsa, muna roƙonsa ya ba mu labari tun yana da iko.