Yadda ake fentin tsohuwar ƙofar katako ta yi sumul

Fenti ba ya ɓoye aibin katako, tona shi yake yi, musamman mai ƙyalli. Shi ya sa a tsohuwar ƙofa, taga ko kabad, yawancin aikin kafin buɗe gwangwani ake yin sa.

A fara ƙwanƙwasa katakon. Inda ya yi amon holoƙo, gara ta ci cikinsa. Wurin nan kafinta zai canza shi, ciko ba zai riƙe ba. Sannan a wanke maiƙo da sabulu, a kankare fentin da ya ɓamɓare.

Daga nan sai gugar samfefa. Lambar da ke bayanta tana nuna kaushinta: 80 don rage tudu, 120 don daidaitawa, 180 zuwa 240 don laushi. A naɗe ta a guntun katako, domin tafin hannu bin lanƙwasa yake yi maimakon ya baje ta, kuma a bi tsawon zaren itacen. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta guba ce ga yara ƙanana da masu ciki. A jiƙa wurin kafin guga, a sa takunkumi, a fitar da yara.

Ramuka da tsaga a cike su da mastik na katako, kaɗan-kaɗan, don yana motsewa idan ya bushe. Da dare a haska tocila daga gefe: duk tudun da ya rage inuwarsa za ta fito.

A san kuma irin fentin da ke kai. A goga auduga mai alkol: idan launi ya biyo ta, na ruwa ne, idan bai biyo ba, na mai ne. Fentin ruwa a kan na mai yakan ɓare, sai an goge ƙyallin an sa shafin farko mai kamawa.

Shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Na mai yana son awa 24 tsakanin shafi, da ƴar guga da lamba 240. Masu gaggawar Salla nan suke ɓata aiki.

Saura yanayi. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, zafin Afrilu da Mayu kuma yana busar da shi kafin sawun burushi ya kwanta. A yi aikin da sassafe, a yayyafa ruwa a ƙasa, a kashe fanka, sai dai a bar wata kafa iska ta riƙa shiga saboda warin.