Lambun Bayan Gida a Zamanin OFN

A shekarar 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, wanda aka fi sani da OFN. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 ya riga ya kassara Arewa, kuɗin man fetur kuma sun janye matasa daga gona zuwa birni, har ƙasar da ta yi alfahari da dalar gyaɗa a Kano ta koma sayo shinkafa da alkama daga ƙetare.

Shirin ya nemi kowane gida da kowace makaranta su nome ɗan filin da ya samu. Ma'aikacin ofis ya ɗauki fartanya da yamma, ya shuka kuɓewa da tumatir da alayyafo. Aka sassauta farashin takin zamani, aka tura ɗaliban jami'a ƙauyuka lokacin dogon hutu, wai su koya wa manoma sana'ar da suka gada kaka da kakanni. Nan ne babban raunin shirin. Matan karkara kuwa ba su taɓa jiran umarni ba, domin zogale da rama da yakuwa sun daɗe a bayan ɗakunansu suna rufa asirin tukunyar miya.

Shigo da abinci bai ragu ba. A 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta maye gurbin shirin da nata na bunƙasa noma.